Jinin ɗan yatsa da gwajin gubar bakteriya: yadda ake yi a lab, da inda ake cinye muku kuɗi

Wata Asabar kawuna da yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya zo mana gida Agege da takarda a ninke a aljihun gaba, ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo min ya ce ɗan nan duba min wannan, wai an ce akwai guba a jinina. Ashe wasu ne suka zo kasuwa da rumfa da kwamfuta da fararen riguna, suka tsira masa yatsa, suka ɗiga jinin a gilashi suka nuna masa wasu abubuwa suna yawo a allo, suka ce masa gubar bakteriya ce mai suna endotoksin, kuma in bai sayi kwalaben wankin jini na dubu talatin ba ƙodarsa na iya tsayawa. Allah ya taimaka kuɗin ba su cika a jikinsa ba ranar.

Ni aikin lab nake yi, na yi na asibiti na kuma yi na wani kamfanin da yake haɗa ruwan dirip, inda gwajin wannan gubar shi ne abincinmu kullum, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin dalla dalla, yadda ake ɗiban jinin yatsa daidai, yadda ake gwada gubar da gaske, da kuma dalilin da ya sa waɗannan biyun ba sa haɗuwa a rumfar kasuwa.

Ita gubar ma mece ce

Bakteriya kashi biyu manya ake raba su tun 1884 da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da rinin da har yau muke amfani da shi. Akwai masu riƙe rinin akwai waɗanda ba sa riƙewa, su na biyun ake ce wa giram negetib, a cikinsu akwai E. coli da take cikin hanjin kowa, da Salmonella mai kawo taifot, da Klebsiella, da Pseudomonas mai son zama a tankin ruwa, da ƙwayar kwalara. To a jikin fatarsu ta waje akwai wani sinadari na kitse da suga, LPS, shi ne endotoksin ɗin. Wato ba fitsarinsu ba ne ba kashinsu ba, rigarsu ce, kuma in ƙwayar ta mutu ta farfashe ma sai ya fi warwatsuwa. Richard Pfeiffer, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Robert Koch a Jamus, shi ya raɗa mata sunan a 1892 da ya ga ya kashe ƙwayar kwalara da zafi amma duk da haka dabbar da aka yi wa allurarta tana mutuwa.

Nan ne abin da ya kamata kowa ya riƙe. Kashe ƙwaya daban, kawar da gubarta daban. Ka tafasa ruwa, ka sa a tukunyar turara kayan tiyata a digiri 121, ka tace da matatar da take tare bakteriya, ƙwayoyin duk sun tafi amma gubar tana nan zaune daram. In ka sha ta baki ba wani abu, cikinka dama cike yake da ita kuma hanji da hanta sun san aikinsu. Amma in ta shiga jijiya kai tsaye, ta dirip ko allura ko injin wankin ƙoda, jiki sai ya ɗauka yaƙi ya zo, zazzaɓi ya tashi, rawar sanyi har gado na girgiza, in ta yi yawa bugun jini ya faɗi gaɓoɓi su fara gazawa. Duk wanda ya taɓa jinya ya ga an sa wa mutum ƙarin ruwa bai fi rabin awa ko awa ɗaya ba ya hau karkarwa nas ta zo da gudu ta cire, to ɗaya daga cikin abubuwan da ake fara zargi kenan.

Ɗiban jinin yatsa, tun daga wanke hannu

Wannan kam kowa ya kamata ya iya, ko don masu ciwon suga da suke gwaji a gida da yaran da suke tsare kemis a unguwanninmu suna gwajin maleriya.

Ka fara tara kayanka kafin ka taɓa mutum: safar hannu sabuwa, lanset wato ƴar allurar tsira yatsa wadda ba a taɓa buɗewa ba, auduga busasshiya, sifirit mai ƙarfin kashi 70, abin da za ka tari jinin da shi ko sitirif ne ko siririn bututun gilashi ko ƴar kwalba, da kwalin zuba allurai. Ka rubuta sunan mutum a jikin abin tun yanzu, ba sai ka tara kaset biyar na maleriya a tebur kana tambaya wanne ne na Hajiya ba.

Sai wanke hannu, naka da nasa, da sabulu da ruwa, a goge ya bushe. Mutane suna raina wannan. Akwai wata baba mai sayar da abarba da ta zo mana a firgice mitar gida ta nuna mata suga ya haura sama, muka sa ta wanke hannu muka sake sai ga shi lafiya lau, ashe zaƙin abarbar da ta yanka ne a yatsa, kuma shafa sifirit kaɗai bai cika ɗauke wannan ba, ruwa da sabulu ne maganinsa. In hannun da sanyi, irin na mai sayar da ƙanƙara ko wanda ya fito daga ofis mai esi, a ɗumama shi da tsumma mai ɗumi minti 3 zuwa 5, ko ya murza tafukansa ya saki hannun ƙasa jini ya sauko. Mutum ya zauna, kar ka tsira wa kowa a tsaye, na ga ƙato ɗan dako da yake ɗaukar buhu biyu ya sulale ƙasa saboda ɗigo ɗaya.

Wane yatsa? Na tsakiya ko na zobe, a hannun da ba shi ya fi aiki da shi ba. Babban yatsa da manuni fatarsu ta fi kauri kuma sun fi jin zafi, ƙaramin yatsa kuma naman ba yawa kana iya taɓa ƙashi. Ba a tsakiyar tsinin ake sokawa ba, ba kuma dab da farce ba, ɗan gefe kaɗan inda naman ya fi tudu. Yatsa mai kumburi ko ƙurji ko tabo ko wanda zobe ya matse, a bar shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a taɓa masa yatsa sam, gefen dunduniya ake yi, shi ma gefe ba tsakiya ba, kuma wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

Ka goge da sifirit ka jira ya bushe da kansa, kar ka hura da baki kar ka goge da rigarka. In ka soka da danshin sifirit zafi zai ƙaru, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ɗigon kuma ya ƙi taruwa ya riƙa malala. Sai ka riƙe yatsan da kyau ka danna lanset ɗin sau ɗaya da ƙarfin hali, a gicciye da layukan zanen yatsa, don in ka bi layin jinin sai ya bi kwarin ya gangara maimakon ya tsaya ya yi ƙwallo. Masu jin tausayi su suka fi azabtar da mutane, a ɗan taɓa sama sama jini ya ƙi fita a sake a sake. Zurfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shi ne kar ya wuce milimita 2.4 ga babba, yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 8 kuma milimita 1.5. Mutanenmu na Mile 12 da Alaba Rago masu kanta a hannu sai ka zaɓi lanset mai ɗan tsawo ka nemi gefen da ya fi laushi, amma dai kar a wuce wancan.

Ɗigon farko ka share shi da busasshiyar auduga, ya gauraya da ruwan nama da ɓurɓushin fata. Na biyu shi ne naka. Kuma don Allah kar a tatsi yatsa kamar ana tatsar nagge, wannan shi ne kuskuren da na fi gani, in ka matse da ƙarfi ruwan nama ne yake fitowa ya tsinka jinin, sai PCV, wato gwajin yawan jini, ya nuna mutum ba shi da jini alhali yana da shi. Ɗan dannawa a hankali daga gindin yatsa ka saki, ka sake ka saki. In ya ƙi, canza yatsa da sabon lanset.

Wajen tara kuma kowane gwaji da mudunsa. Kaset ɗin maleriya yawanci mikrolita 5 yake so, ɗan mitsitsi, ka ɗiga ruwan bofa, wato ruwan da yake zuwa tare da kaset ɗin, yadda takardar kwalin ta ce, ka duba agogo minti 15 ko 20 gwargwadon kamfanin, abin da ya fito bayan lokaci ya wuce ba sakamako ba ne, kuma in layin kwantirol, wanda yake nuna kaset ɗin ya yi aiki, bai fito ba a jefar a sake. Na PCV ka cika bututun kamar kashi uku cikin huɗu ba tare da iska ta shiga ba ka toshe gindin. In ƙananan kwalabe za ka cika fiye da ɗaya, ta ƙidayar jini mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ita ce farko kafin jinin ya fara kamawa, ka jujjuya ta a hankali. Ka gama ka danna auduga minti ɗaya zuwa biyu, yaro ƙasa da shekara 2 kar a manna masa filasta yana iya cirewa ya haɗiye.

Lanset kuwa sau ɗaya ne, ya shiga kwalin allurai. Har shi biron da ake sa lanset a ciki ba a yin tarayya da shi, ko a gida ɗaya kowa da nasa, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jinin da ido ma ba ya gani. Abin da ya fi tayar min da hankali a labarin kawu kenan, ba kuɗin ba, na tambaye shi Kawu a gabanka suka ɓare allurar? Ya yi shiru ya ce wallahi bai lura ba.

Me ya sa yatsa ba ya yi wa gwajin gubar

Da ɗigon yatsa ana gwada maleriya, suga, yawan jini, rukunin jini, jinotayif, gwajin farko na HIV da ciwon hanta, duk waɗannan daidai ne. Endotoksin kuwa abin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, ma'auninsa ana ce masa EU, kuma EU ɗaya kamar kashi ɗaya cikin goma na nanogiram ne, shi nanogiram kuma giram ɗaya ne aka raba gida biliyan. Ba a ganinsa a madubin lab balle a allon kwamfuta yana iyo, abin da aka nuna wa kawu jajayen ƙwayoyin jininsa ne da ƙura. Sannan gubar tana ko'ina, a fatar hannu, a ruwan famfo, a ƙurar iska, a jikin auduga kanta, sifirit kuma yana kashe ƙwaya ne ba ya lalata gubar. Jinin da ya fito ya kwanta a kan fata kafin ka tara ai ya riga ya kwashi ta waje, ko da injin gaske ka kai shi ba ka san ta jini ka auna ko ta yatsa ba. Ga shi ɗan kaɗan, da ƙyar ka samu rabin mil, ga lanset da ƴan kwalaben da ba a yi su da sharaɗin ba su da gubar ba. An rubuta sitaril a jiki, eh, amma wannan yana nufin ba ƙwaya mai rai ne kawai.

Yadda ake gwajin na gaske

Da can zomaye ake yi wa allurar maganin, guda uku, a riƙa auna zafin jikinsu har awa 3, in ya hau an san akwai matsala. Sai a 1956 wani likita Ba'amurke, Frederik Bang, ya lura cewa jinin wata halittar teku yana daskarewa in bakteriya ta shige shi. Ana ce mata ƙaguwa mai siffar kofaton doki, ko da yake ta fi kusa da kunama da gizo-gizo, jininta shuɗi ne saboda jan ƙarfe ne a ciki ba irin ƙarfen da yake namu ba. Shi da Jack Levin suka gano cewa endotoksin ne yake tayar da daskarewar, daga nan aka samu sinadarin LAL da ake haɗawa daga ƙwayoyin jininta, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1977. Yanzu akwai na haɗin lab da ba a taɓa dabbar ba, rFC, wanda masu bincike a jami'ar Singafo suka fito da shi. Duk daga waje ake shigo mana da su da dala, a cikin sanyi, shi ya sa in wani ya ce zai yi maka da kuɗin cefane a bakin titi ka san inda aka dosa.

Abin da aka fi gwadawa kuma ba jinin mutum ba ne. Ruwan dirip ne, ruwan haɗa allura, rigakafi, sirinji da robar dirip, ruwan injin wankin ƙoda. Kamfani dole ya gwada kowane zubi kafin ya fita, NAFDAC kuma tana da babban ɗakin gwajin magunguna a Yaba. Ga hanyar da ta fi sauƙi, ta daskarewa, yadda muke yi.

Kaya tukuna, kuma rabin aikin nan yake. Duk gilashin da zai taɓa samfur sai an wanke an naɗe bakinsa da foyil an gasa a obin digiri 250 na akalla minti 30, ana fara ƙirga lokacin ne daga sanda kayan suka kai zafin ba daga sanda ka kunna ba. In aka ɗauke wuta a tsakiya kafin janareto ya tashi, daga farko za ka sake, ni kam na sha kwana a kan wannan. Bakin fifet, wato abin zuƙo ruwan gwaji, da robobi sai waɗanda aka rubuta ba su da gubar, ruwa kuma akwai nasa na musamman da ake saya tare da sinadarin LAL, ba distil na kan shelf ba balle fiyo wata. Safar hannu marar hoda. Kar auduga ko takardar tacewa ta kusanci samfur, suna ɗauke da wani abu, gulukan, da yake sa LAL ya daskare ko ba gubar, ka zo kana zargin zubi guda na dirip a banza.

Na biyu ka san iyakar da kake nema. Ƙa'idar ita ce abin da ya shiga jijiya kar ya wuce EU 5 a kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya, wato mai kilo 70 iyakarsa 350. In allurar ta ƙashin baya ce kuwa 0.2 kacal a kowane kilo. Ka ga leda mai mil 500 in tana da EU ɗaya a kowane mil aka ɗura ta cikin awa guda, 500 kenan, an wuce. Ruwan haɗa allura iyakarsa 0.25 a mil, ruwan wankin ƙoda ma kar ya kai 0.25. Shi ma sinadarin kowace kwalba an rubuta ƙarfin jinsa, 0.25 ko 0.125 ko 0.06 ko 0.03. Da waɗannan biyun kake lissafa iya tsinkawar da aka yarda ka yi wa samfur, misali iyaka 0.5 ce sinadarinka 0.125, to ba za ka tsinka fiye da ninki 4 ba, in ka wuce haka ka ɓoye gubar da hannunka. Ka duba pH, wato ma'aunin tsamin samfurin, ya kasance tsakanin 6 da 8.

Na uku haɗawa. Sinadarin gari ne a kwalba a firij, ka zuba masa ruwansa ka juya a hankali, ba a girgiza shi ya yi kumfa. Ita kuma gubar gwaji da ake saya don kwantirol akasin haka, tana son manne wa gilashi sai an girgiza ta sosai a inji yadda takardarta ta ce. Sabbin yara suna yawan juya waɗannan biyun. Sai ka jera ƙananan tub iri huɗu, kowanne bibbiyu: samfur zalla, samfur da aka sa wa gubar gwaji ninki biyu na ƙarfin sinadarin, ruwa mai tsabta da aka sa wa gubar daidai haka, sai ruwa zalla. Kowane tub mil 0.1 na abin, mil 0.1 na LAL.

Na huɗu ka sa su a injin ɗumama digiri 37, awa ɗaya cif, an yarda da minti 2 sama ko ƙasa. Wannan awar ba a taɓa teburin. Ba a buga ƙofa, ba a kunna injin juya jini a kusa, don daskarewar tana da laushi kamar kafa ko eko da bai gama kamawa ba, in ta karye ba ta sake haɗuwa sai ka karanta babu alhali akwai. Akwai ranar da wani abokin aiki ya jingina da bencin yana waya yana kaɗa ƙafa, aikin ranar gaba ɗaya ya tashi.

Na biyar karantawa, kuma nan ne daɗin aikin. Ka ɗauko tub ɗaya ɗaya ka kifa shi gaba ɗaya a hankali cikin juyi guda. In abin ya tsaya a gindi bai zubo ba, akwai guba. In ya gangaro, ko da ya yi kauri ko ya yi gajimare, babu. Amma kar ka kalli samfur tukuna, kwantirol za ka fara dubawa: ruwa zalla dole ya zubo, biyun da ka sa wa guba da hannunka dole su kama. In samfurin da ka sa wa guba ya ƙi kamawa to wani abu a cikin maganin yana danne sinadarin, sakamakon nan ba shi da amfani ko ya yi maka daɗi. In samfur tub ɗaya ya kama ɗaya ya zubo, a sake. Akwai hanyoyin inji da suke ba da adadi, wata tana auna duhun ruwan wata tana auna launin ɗorawa da yake fitowa, a nan gubar da ka ƙara dole inji ya gano tsakanin kashi 50 zuwa 200 cikin ɗari nata kafin a yarda.

In jinin mutum ne fa dole

Ana yi, amma yawanci a bincike ko a ɗakin masu jinya mai tsanani, ba gwajin yau da kullum ba ne. Daga jijiya ake ɗiba bayan an tsabtace fata kamar za a yi kolco, wato gwajin renon ƙwayar cuta daga jini, a zuba a kwalbar hefarin, shi ma sinadarin hana jini daskarewa ne, da aka tabbatar ba ta da gubar, ba mai EDTA ba in LAL za a yi don tana kame sinadaran da gwajin yake buƙata. Nan take cikin ƙanƙara, a juya a inji mai sanyi a raba ruwan jinin, a tsinka shi ninki 10 a ɗumama kamar digiri 70 na minti 10 don a kashe sunadaran jini da suke hana gwajin aiki, in an samu sakamako a ninka da 10. In ba ranar za a yi ba sai firiza mai tsananin sanyi. Yanzu ka auna wannan da Legas ɗinmu, a ɗebi jini a Agege a ba ɗan aike ya shiga goslo na Oshodi awa uku da kwalba a aljihu. Duk inda za a yi gwajin can ya kamata a ɗiba. Akwai wani gwajin daban, EAA, da Amurka ta amince da shi a 2003, shi da jini sukutum yake aiki cikin kamar rabin awa, in sakamako ya yi ƙasa da 0.4 gubar kaɗan ce, 0.6 zuwa sama ta yi yawa, amma an yi shi ne don marar lafiyar da ake zargin cuta ta bi masa jini, shi ma ba daga yatsa ba.

Ko an yi ma ba ya gaya wa likita wace ƙwaya ce ko wane magani zai kashe ta, kuma hanta tana kwashe gubar da sauri, yanzu ta hau anjima ta sauka. Abin da yake amsa wannan tambayar shi ne kolco na jini, mil 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, a ɗiba kafin a fara maganin kashe ƙwayoyi, irin wanda ake yi a manyan asibitoci kamar LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Mutumin da gubar nan ta cika masa jini da gaske ba ya zaune a kan buhu yana ciniki. Za ka ga zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama sama ya kai 22 a minti ko fiye, awon jini na sama ya sauko 100 ko ƙasa, yana sambatu ko ba ya gane mutane, fitsari ya ɗauke. In ka ga haka ba lab za ka nema ba, imajensi za ka nufa ko ka kira lambar agajin gaggawa ta Legas, 112 ko 767. In kuma ana cikin ƙarin ruwa ne mutum ya hau rawar sanyi, a rufe dirip ɗin a kira nas, kuma kar a jefar da ledar da robarta, a ajiye a rubuta lambar zubin da take jiki, da ita ake bin sawu har kamfani.

Kafin ka miƙa yatsa ko hannu a kowane lab ka ɗaga kai ka duba bango, ya kamata ka ga takardar HEFAMAA, hukumar sa ido kan asibitoci da lab ta jihar Legas, da lasisin ma'aikacin na MLSCN, hukumar ma'aikatan lab ta ƙasa, ka tambayi sunan gwajin da za a yi a rubuta maka, ka kuma ce a ɓare allura a gabanka, ba rashin kunya ba ne.

Shi kawu dai Litinin na kai shi wajen aikinmu na dā, na tsira masa yatsan zobe na hagu da kaina, maleriya babu, jini isasshe, sai suga da ya ɗan hau wanda aka ce ya dawo da safe bai ci komai ba a ɗiba ta jijiya a tabbatar. Saboda allurar rumfar nan kuma aka yi masa na ciwon hanta da HIV aka rubuta masa ranar da zai dawo a maimaita bayan wata uku, don in ma an ɗauka ba ya nunawa nan da nan. Muna fitowa ya ce to ɗan nan ita gubar fa, na ce Kawu shayin nan mai cokali huɗu na suga da kake sha sau uku a rana za mu fara tattaunawa, ya ce a'a wannan kuma sai sakamakon gobe ya fito.